Kunun Kanwa da Mai Jego

A Gidan Dare, kamar sauran unguwannin Sakkwato, in mace ta haihu uwa ko kaka ke riƙe da tukunya har a yi arba'in, ga romo, ga kunun gyaɗa. Wannan madalla, jiki na bukata.

Amma kunun kanwa sai an lura. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, takan tara ruwa a jiki, zuciya ta wahala. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka ja hankali ga ciwon zuciyar masu jego. A rage kanwa, a dama da tsamiya. In ƙafafu suka kumbura, ko numfashi ya gagara in ta kwanta, a kai ta asibiti ran nan.