Kaza guda, gida guda: daga wajen ƴan kaji har zuwa rabo

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta wajen ƴan kaji ranar jajibirin ƙaramar salla, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a kasuwannin Yamai, ya san matsayin kaza a ƙasar nan. Babbar salla ta rago ce, amma ƙaramar salla a Nijar ta kaji da zabbi ce. A ranar za ka ga magidanta riƙe da zabbi biyu ko uku kai ƙasa, mata suna taya ciniki ana ta rantse-rantse, kuɗi kuwa sun hau, domin mai kaji ya san ba wanda ke son komawa gida hannu rabbana. In salla ta wuce, a yawancin gidaje sai da babban dalili ake yanka kaza: baƙon kunya ya sauka, ko mace ta haihu, ko an kawo amarya, ko marar lafiya ya fara marmarin abinci. To abin da ba kullum ake ci ba, kuma sai an zuba jikkuna kafin a same shi, bai kamata a ɓata shi cikin tukunya ba. Amma ana ɓatawa, kuma sau da yawa tun daga kasuwa ɓarnar take farawa, lokacin da uwargida ta sayi kazar da ba ta dace da girkin da take nufi ba.

Kazar gida da kazar turawa suna kawai suka haɗa. Kazar turawa, wadda ake kiwo a gidajen gona domin nama, mako shida zuwa bakwai take yi a duniya a yanka ta. Ba ta yi yawo ba, ba ta yi tono ba, saboda haka namanta laushi gare shi, ga kitse, ga ruwa. Minti talatin ko arba'in a wuta sun ishe ta, in aka zarce sai ta wargaje cikin miya a rasa cinya a rasa ƙirji. Wurinta suya ne ko gashi. Kazar gida kuwa sai ta kai kamar wata shida kafin ta fara ƙwai, kuma duk tsawon kwanakinta tana kiwo a bayan gida tana gudun shaho. Namanta kaɗan ne, ga tauri, amma ɗanɗanon yana can. Ita ce ta romo da miya. Zabuwa ta fi su duka ƙamshin nama, sai dai ba ta da kitse, in ba a yi mata hankali ba ta bushe ta zama kamar icce a baki.

Ko cikin kajin gidan ma akwai bambanci, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa ido ba mudu ba ne. Uwargida ki ɗauki kazar a hannu ki ji nauyinta, kada yawan gashi ya ruɗe ki. Ki shafa ƙirjinta: in ƙashin ya fito tsini kamar bakin wuƙa, ramammiya ce. Ki danna ƙarshen ƙashin ƙirjin da yatsa, in ya lanƙwasa yarinya ce, sagara ko ɗan zakara, za ta yi suya. In ya ƙi motsi ta kwana biyu a duniya, ki tanadi icce da haƙuri. Zakara kuma a duba tsinin nan da ke bayan ƙafarsa, gwargwadon tsawonsa gwargwadon shekarunsa.

Akwai arahar da ya kamata a guje ma. Da hunturu ya shigo, ciwon nan na kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil yakan share akurki kakaf cikin ƴan kwanaki, kuma da mai kiwo a ƙauye ya ga biyu sun mutu sai ya kwaso sauran ya nufo kasuwa kafin su bi su. Kazar da ta takure, gashi a hargitse, ido a lumshe, zankonta ya yi baƙi-baƙi, ko tana koren zawo, ko wuyanta ya murɗe, a bar ta ko da kyauta ce. Akwai allurar rigakafin wannan ciwo a wajen ma'aikatan dabbobi, kuma matan da ke ajiye kaji domin biyan buƙatar gaggawa su ne suka fi cancanta su neme ta kafin sanyi ya kama. Manya ba su manta da shekarar 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna ta Najeriya cikin watan Fabrairu, kuma kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magariya. An karkashe kaji a yankin, ciniki ya faɗi, mutane da yawa suka ƙaurace ma naman. Abin da masana lafiya suka yi ta bayani a lokacin har yau yana nan: nama in ya dahu sosai wuta tana kashe ƙwayar cutar, haɗarin yana wajen taɓawa da figa da feɗe tsuntsu marar lafiya. Masu sayen kajin firigo kuma su duba leda. In akwai jan ruwa da ya daskare a ƙasanta, alama ce ta narke an sake daskarar da ita bayan ɗaukewar wuta.

An yanka, an fige. A nan gaggawa kan sa wasu su tsallake babbaka, alhali wannan ɗan lasar harshen wuta shi ke ƙone ƙananan gashi, ya ɗaure fata, ya ba romo ƙamshin da ba a samu ga kazar leda. Wajen feɗewa a yi hattara da matsarmama, koriyar jakar nan da ke manne da hanta. In ta fashe, ɗacinta ba ya fita ko an wanke sau goma. A tsaga ƙundu a zubar da tsakuwa, a ɓare rawayar fatar cikinsa. A goge naman da lemun tsami da gishiri domin ƙarni. Wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa salati ko tumatirin da za a ci ɗanye, domin yawancin ciwon cikin da ake ɗora ma kaza ta nan yake shiga.

Yanzu romo, wanda a ganina shi ne sarkin girkin kaza, kuma shi ne aka fi cuta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika tukunya da ruwa tun farko, a hura wuta kamar ana dafa ganda. Abin ya ƙaru tun da gaz ya yawaita a gidajen birni bayan buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, domin murɗa kan gaz ba ya da wuya kamar tura icce. Wuta mai ƙarfi ɗaure nama take yi, ruwa ya ƙone, kaza tana nan da taurinta. Ga yadda ya fi: a zuba naman cikin tukunya da albasa manya guda biyu yankakku, da dakakkiyar citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari kamar ƙwaya huɗu, kimba guda ɗaya da aka ɗan fasa, da gishiri. Kada a sa ruwa. A rufe a bar shi bisa wuta kaɗan kamar minti goma sha biyar, kaza da albasa za su fidda ruwan jikinsu, kayan yaji su shiga har ƙashi. Sannan a zuba ruwan zafi daidai ya rufe naman, a sa tugande gwargwadon bakin mutanen gida, da ɗan gabu ko daudawar batso ga masu so. Daga nan a rage wuta har tukunya ta koma ɓararraka a hankali. Tsohuwar kazar gida tana iya cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Cikin wannan lokaci jijiyoyi da fata da guringuntsi ke narkewa su zama danƙon nan da ke kama leɓe, wanda ke sa romo ya daskare in ya huce. Wannan danƙo shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa, kuma ba dunƙulen magin da zai maye gurbinsa, ko an jefa biyar. Ɗaya ya isa, in ma za a sa.

In kazar ta cika gardama, a jefa ƴan yankan ɗanyar gwanda, ƙaronta yana sassauta nama. Kanwa ma tana yi, amma tana kashe ɗanɗano tana baƙanta romo. Irin wannan romo mai citta da kimba shi ake kai ma mai jego da kunun kanwa, shi ake ba wanda zazzaɓi ya saki. Da safiyar hunturu, a tsoma burodi a ciki ko a kwarara bisa masa mai zafi, mutum ya yi gumi ya manta da bashin da yake bi a kasuwa.

Girki na biyu da ya kamata kowace ƴar Nijar ta iya shi ne kaza da miyar albasa, irin wadda mutanen Senegal ke kira yasa. Abin kunya ne a ce albasar Galmi tana cika manyan motoci zuwa Akara da Abijan, mu kuma da muka noma ta ba mu san ta ba sai ƴar guda ɗaya a jajjage. Kaza guda tana son albasa shida zuwa takwas. A yanka su sirara, a haɗa da naman, a matse lemun tsami uku ko huɗu, a sa mutardi cokali biyu, tafarnuwa, masoro da gishiri, a rufe a ajiye a inuwa kamar awa guda, in da firigo ya kwana a ciki. A tsame naman a gasa shi sama-sama bisa gawayi har ya yi ja, a soya albasar cikin man gyaɗa a wuta kaɗan har ta yi laushi ta fara zaƙi, sannan a maida naman da ruwan jiƙon, a ƙara ruwa kofi guda a bari su dahu tare. Ruwan jiƙon nan ya taɓa ɗanyen nama, don haka tilas ya tafasa sosai. Da farar shinkafa ake ci. Lokacin da albasa ta yi araha bayan girbin rani, wannan miya ta fi ta tumatir sauƙin kuɗi, kuma tana yalwa.

Suyar salla kowa ya san ta, abu guda kawai za a tuna: a sulala naman da kayan yaji tukuna, a tsane shi, sannan ya shiga mai. Ɗanyar kazar gida ko zabuwa in aka jefa ta cikin mai kai tsaye, waje ya ƙone ciki da jini. Kazar da ta dahu ba a ganin ja a jikin ƙashin cinyarta. Soyayyiya da ta bushe, aka barbaɗe ta da yajin ƙuli-ƙuli, ita ce ke jure ajiya da tafiya. Romo da miya kuwa, a zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce awo 40, na ranar ne. Matar da za ta wuni a rumfa kada ta dafa da asuba ta rufe tukunya ta ce sai dare.

Sai rabo, inda ake gane uwargida. Mai hannu tana fidda yanka goma sha biyu ko sha huɗu daga kaza guda ba tare da ta farfasa ƙashi ba, domin gaɓa take bi. Al'ada ta ba maigida ƙundu, har a wasu gidaje in bai gan shi cikin kwanonsa ba sai an yi shari'a. Baƙo ya samu cinya, a aika ma maƙwabciya ɗan kwano tun da ƙamshi ya riga ya tsallaka katanga. Yara su ne na kai da ƙafa da wuya, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa yana tuna daɗin tsotsar ƙafar kaza a bakin murhu da rigimar wa zai samu hanta. Wannan duka da kyau, amma akwai gyara. Yaro mai tasowa da mace mai ciki ko mai shayarwa sun fi alhaji buƙatar tsoka, domin su ne jikinsu ke gini. A bar ma maigida ƙundunsa, girmansa ne, amma ƙirjin nan da ake tara mashi shi kaɗai a yage shi a sa ma yara. Kuma ita mai girkin, wadda ta yi ciniki, ta fige, ta sha hayaƙi, sau da yawa sai ta gama rabo ta ga ba abin da ya rage mata sai ƙashin baya da gindin tukunya. Hajiya ki fidda naki tun kafin kwanuka su jeru.

Ruwan sulalen da ya saura bayan an tsame nama domin suya kada a zubar. A tace shi a kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya da shi a daren, ko a dafa shinkafa a ciki, sai ga kazar rana ta ba da tuwon dare ba tare da an sake komawa wajen mahauci ba.