Ammoniya a fangalin albasa: taki ne ko maganin ƙwari?

Gaisuwa ta daban ga manoman albasa na Aliero a jihar Kebbi, da na Goronyo da Wurno a jihar Sakkwato, da na Galmi da Madawa a Jamhuriyar Nijar, har da uwargidan da ta ja fangali biyu a bayan ɗaki saboda lawashin miya. Sannunku da ban ruwa.

Yau a shirinmu na noma maganar ammoniya za mu yi. Mai yawan kallon bidiyon lambu a waya zai iya cin karo da wannan dabara: a zuba cokali biyu ko uku na ruwan ammoniya a bokitin ruwa, a shayar da albasa, wai ganye ya yi kore shar, ƙwari kuma su gudu. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. To daga ina dabarar ta fito, me ke cikinta na gaskiya, kuma ko ta dace da fadamarmu? Sai ku gyara zama.

Ko wanda bai taɓa jin sunan ammoniya ba, ya san warinta. Ita ce wannan zarnin da ke dukan hanci idan an shiga ɗakin kajin da aka kwana biyu ba a share ba, ko turken dabbobi da safe. Iska ce marar launi, mai saurin narkewa a ruwa. Abin da ya ba ta daraja a noma shi ne kashi 82 cikin ɗari na nauyinta sinadarin naitirojin ne, wato abincin da ke sa ganye ya yi kore, ya yi tsawo.

Dabarar kuwa a Rasha da Yukren da Belarus ta fi yaɗuwa. A can, mazauna birane da yawa suna da ɗan lambu a bayan gari, inda suke shuka dankali da kabeji da karas da albasar da za su ci a gida. Kuma a kantin magani ana sayar da ruwan ammoniya a 'yar kwalba, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, wanda ake shaƙa wa wanda ya suma don ya farfaɗo. Yana da araha, kusan kowane gida akwai shi. Daga akwatin magani ya gangara lambu.

Abin da ya kai shi lambun shi ne wani ƙuda. Ƙudan albasa, mai kama da ƙudan gida amma ya fi shi ƙanƙanta, launinsa toka-toka. Idan sanyi ya wuce, wajen watan Mayu, sai ya fito daga ƙasa, ya bi ƙanshin albasa, ya saka ƙwai a gindinta. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe fararen tsutsotsi, su huda albasar ta ƙasa su shige. Mai lambu sai dai ya ga ganye ya yi rawaya ya kwanta, in ya ja ya taho a hannunsa, gindin ya ruɓe. Tunanin masu lambun Rasha shi ne, tunda da ƙanshi ƙudan ke gano albasa, bari a rufe ƙanshin da wari mai ƙarfi. Ba shirme ba ne, akwai hankali a ciki.

Sai dai ammoniya ba ta zama. Da an zuba ta fara tashi, kuma warin ba ya jimawa, alhali ƙudan yana makonni yana saka ƙwai. Shi ya sa masu wannan dabara suke maimaita ta a kai a kai, suna haɗawa da wasu: barbaɗa toka da garin taba, shuka karas a tsakanin layuka, rufe fangali da yadi mai shara-shara. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi aiki, don ƙuda ba ya ratsa yadi. Kuma ba kowane ƙwaro ne ke gudun ammoniya ba. Akwai tarkon da ake kama ƙudajen 'ya'yan itace da shi a gonakin lemo wanda warin ammoniya ne ke jawo su ciki. Sauro ma yana amfani da ɗan warinta da ke cikin zufa wajen gano mutum.

Yanzu mu dawo gida, don a nan maganar take. Wancan ƙuda ɗan ƙasashen sanyi ne. Abin da ya fi addabar albasarmu a noman rani wasu ƙananan ƙwari ne da masana ke kira tirifs. Tsawonsu milimita ɗaya ne ko ɗan fiye, sai ka kai ido kusa za ka gan su. Suna ɓuya a wuyan albasa, can tsakanin sababbin ganyaye, suna kankarar ganyen suna tsotse ruwansa. Alamar aikinsu ita ce ganye ya yi fari-fari kamar an goga masa azurfa, bakinsa ya bushe, albasa ta ƙi girma. Sun fi yawa idan sanyi ya ja baya, zafi ya fara, daga Fabrairu zuwa gaba. Waɗannan ba a ƙasa suke cin abincinsu ba, a cikin wuyan ganye suke. Ruwan ammoniyar da aka zuba a gindi bai kai inda suke ba. Idan kuma aka ƙara masa ƙarfi aka fesa a ganye da rana tsaka, ganyen ne zai ƙone kafin ƙwarin.

To ɓangaren taki fa? A nan akwai gaskiya: albasar da ta yi rawaya saboda yunwar naitirojin tana iya farfaɗowa da ruwan ammoniya. Amma bari mu yi lissafi, ku riƙe shi a ka. Babban cokali uku na wancan ruwan mai kashi 10, wato kusan mililita 45, naitirojin ɗin da ke ciki kusan giram uku da rabi ne kawai. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari ce, don haka giram 8 nata, kusan cokalin shayi biyu, ya biya wannan adadin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Mu ɗauka hekta guda ta albasa tana son kilo 100 a kaka ɗaya, ko da yake ƙasa ta bambanta. Da yuriya, buhu huɗu da ɗoriya ke nan. Da dabarar bokiti, sai ka haɗa bokiti fiye da dubu ashirin da takwas. Wane manomin Aliero ne zai yi wannan? Dabara ce ta mai fangali uku a bayan gida, a ƙasar da kwalbar ta fi taki sauƙin samu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, manominmu ya daɗe yana zuba ammoniya a gonarsa. Yuriya daga ammoniya ake yin ta. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma shuka ba ta iya cinta kai tsaye. A shekarar 1909 wani masanin kimiyya Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a haɗa naitirojin na iska da iskar haidirojin a sami ammoniya. Carl Bosch ya mai da wannan aiki na masana'anta, aka buɗe ta farko a garin Oppau na Jamus a 1913. Daga nan takin naitirojin na zamani ya samo asali. Yau a Najeriya da iskar gas ake wannan aiki: Indorama a Eleme ta jihar Ribas, da masana'antar Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai ƙarfin tan miliyan uku na yuriya a shekara. Ana haɗa ammoniya da iskar kabon ta zama fararen ƙwayoyin nan, don a iya zuba ta a buhu a kai ta kasuwar ƙauye ba tare da ta tashi ko ta cutar da kowa ba.

Da yuriya ta taɓa ƙasa mai danshi, cikin 'yan kwanaki take komawa ammoniya. A nan ne kuɗi ke salwanta. Idan tana cikin ƙasa, ƙasar za ta riƙe ta, ƙananan halittun da ke ciki su sarrafa ta, saiwa ta sha. Idan kuwa a sama aka watsa ta aka bari, rana na duka, iska na kaɗawa, sai ta bi iska. A yanayin zafi irin namu, musamman a ƙasa mai kanwa, rubu'in abin da aka zuba ko fiye yana iya tafiya haka. Ka sayi buhu huɗu, albasa ta ci uku. Manoman masara a jihohin Iowa da Illinois na Amurka, masu amfani da tsantsar ammoniya, sun san wannan sarai, shi ya sa injinsu ke cusa ta cikin ƙasa wajen taƙi guda, ya rufe a bayansa.

Saboda haka, a ganina, ammoniyar da ya kamata ta dami manomin albasa ba ta kwalba ba ce. Ta buhunsa ce, wadda ke gudu yana kallo.

Hana ta gudu ba wuya. A zuba yuriya da yamma ko da sassafe, a yi noma a rufe ta, ko a bi ta da ban ruwa nan take don ta nutse. Ban ruwan ya zama daidai, kada a cika fangali har ya malala, don saiwar albasa gajera ce, yawancinta ba ta wuce taƙi ɗaya da ɗan abu ba, kuma abin da ruwa ya wanke ƙasa da haka ya wuce ta. Saboda wannan gajartar saiwar ne ma ake raba taki kashi biyu ko uku maimakon a juye shi lokaci ɗaya: kamfa wajen dashe, yuriya bayan albasa ta kama, sai ƙari bayan wasu makonni. Kada a gauraya yuriya ko kashin kaji da toka. Toka tana da kanwa-kanwa, tana korar ammoniya. Za ka ji zarnin ya tashi, to takinka ne ke tafiya. Shi ma kashin kaji ɗanye, a bar shi ya ruɓe tukuna, in ba haka ba ammoniyar da ke cikinsa sai ta ƙona dashe.

Akwai kuma lokacin da ake ɗauke hannu gaba ɗaya. Da albasa ta fara yin kai, a dakatar da naitirojin, ko na buhu ko na kwalba. Manomi yana jin daɗin ganin lawashi ya yi baƙi-ƙirin don kore, amma albasar da aka ɗura wa taki a ƙarshe wuyanta kan yi kauri, ya ƙi bushewa, ta makara wajen nuna. Irin wannan ita ce ke fara ruɓewa a rudun ajiya. Kuma kowa ya san ribar albasa ba ranar cira take ba, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Ribar tana wajen wanda tasa ta jure ajiya har damina. Jar albasar Galmi ta yi suna daga Akara har Abijan, amma ita ma idan taki ya yi mata yawa ba ta tsira daga ruɓa.

Su kuwa tirifs, maganinsu yana farawa tun daga lokacin dashe. Wanda ya yi dashe da wuri, albasarsa ta yi ƙarfi a cikin sanyi kafin ƙwarin su yi yawa. A riƙa buɗa wuyan albasa ana dubawa kowane mako, kada a jira sai ganye ya yi fari. A cire ciyawa a bakin fangali, kada a bar albasa ta sha ƙishirwa, don wadda ta galabaita suka fi ci. Ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa, aka tace aka sa ɗan sabulu, yana rage su idan ba su riga sun yi yawa ba, da sharaɗin feshin ya shiga cikin wuyan. In abin ya kai ga maganin kanti, a nemi malamin gona, kuma kada a nace wa magani iri ɗaya, domin waɗannan ƙwari suna saurin sabawa da shi.

Na san duk da haka akwai wanda zai ce sai ya gwada a ɗan lambunsa. To ga gargaɗi. Ruwan ammoniya ba ƙarfi ɗaya ba ne. Na masana'antu yakan kai kashi 25, na goge-goge kuma sau da yawa akwai sabulu da turare a ciki. A duba kwalba. A haɗa a fili, iska na bayanka, kada a leƙa bokiti. A zuba a ƙasa mai danshi, a gindi, da yamma, ba a ganye ba. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti goma sha biyar, a tafi asibiti. A ɓoye kwalbar daga yara, kada a juye ta a gorar lemo. Sannan, iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau: kada a kuskura a haɗa ammoniya da bilic, irin su Hypo ko Jik. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, tana iya kisa a ɗaki rufe. Tsantsar ammoniya kuma ba abin wasa ba ce ko kaɗan. A watan Maris na 1992 wata tankar ammoniya ta fashe a masana'antar man gyaɗa a Dakar, babban birnin Senegal, mutum 129 suka rasu, fiye da dubu suka jikkata.

Masu sauraro, hukuncinmu a wannan shiri shi ne: a matsayin taki, ruwan ammoniya yana aiki, amma cokali biyu na yuriya sun yi abin da yake yi, da araha, ba haɗari. A matsayin maganin ƙwari, an yi shi ne don ƙudan da ba shi ne matsalarmu ba. Kuɗin kwalbar, a ƙara a sayi iri mai kyau. Gobe in kun je gona, ku buɗa wuyan albasa goma ku duba, kuma duk yuriyar da kuka zuba, ku rufe ta kafin ku bar fangalin.

Allah Ya ba da albarkar noma, Ya kai mu cira lafiya.