RIGAKAFI IRI BIYU

 Bara war haka ba ka iya haɗa baƙi biyu. Yau ga ka da littafi a hannu, kana karantawa da kanka. To, ina roƙonka abu guda. In ka koma gida, ka ce wa maiɗakinka ta ɗauko maka karnen likita na ƙaramin yaronku. Ke kuma ƴar'uwa, ki buɗe akwati ki fiddo shi da kanki. Daga wannan ƴar takarda za mu fara darasinmu na yau.

Mai garka ba ya jira sai bisashe sun shiga sun cinye shuka sannan ya yi shinge. Tun shuka tana ƙarama yake yi. Haka reno yake. Ɗiyanmu suna bukatar shinge iri biyu. Akwai na jiki, wanda ake yi tun suna goye. Akwai na hali, wanda ake ƙarfafawa in sun fara tasowa. Dukansu biyu a wuyan uwaye suke, uwa da uba.

Mi aka rubuta cikin karne?

Karne yana gaya maka ranar da aka yi wa yaro lamba, wato allurar rigakafi, da ranar da za a koma. Ga yadda abin yake tafiya:

Ranar haihuwa, ko cikin kwanakin farko: allurar tarin fuka, da ɗigon shan inna a baki. Ita ce allurar da ke barin ɗan tabo a hannu.

Sati 6: wato kwana 2 bayan arba'in. In maijego ta gama wanka, sai likita. Nan ake fara allurar da ake kira Penta. Allura guda ce, amma cuta 5 take tarewa. Cikinsu akwai tarin lala, da mashaƙo, da ciwon sandarewar jiki, da wani ciwon hanta.

Sati 10 da sati 14: a sake komawa. Penta sau 3 ake yin ta. Wanda ya yi guda ya tsaya, kamar wanda ya yi shinge ne ya bar gefe guda a buɗe.

Wata 9: allurar dussa, wadda wasu ke ce wa ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau.

Cikin shekara ta biyu: a ƙara yi masa ta dussa.

Wani lokaci bayan allura jikin yaro yakan yi zafi kwana guda ko biyu, wurin allurar ya ɗan kumbura. Kada wannan ya tsorata ki. Jiki ne yake koyon faɗa da cuta. A ba shi nono sosai. In zafin ya ƙi sauka, a koma wurin ma'aikacin lafiya.

Wasu suna cewa: “Kakanninmu ba su yi lamba ba, kuma sun rayu.” Ka je ka tambayi tsofaffin garinku labarin agana. Za su gaya maka mutum nawa ta kashe, nawa ta makanta. Yau ina agana? A shekara ta 1980 aka ba da sanarwa cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya, kuma lamba ce ta ƙarar da ita. Sanƙarau ma, waɗanda suka ga annobar 1995 a ƙasarmu ba su manta ba. A shekara ta 2010 aka kawo sabuwar allurar wani irin sanƙarau, aka yi wa yara da samari, wannan irin ya ja baya ƙwarai. Amma cuta ba ta barci. A 2023 mashaƙo ya ɓulla a jihar Damagaram, wajen Matamaye, ya kashe yara. Inda aka yi sakaci da lamba, nan cuta take samun ƙofa.

Abubuwa huɗu na cikin gida

Ba allura kaɗai ce rigakafi ba.

Na farko, nono. Nonon farko mai kauri, wato dakashi, kada a zubar da shi. Shi ne maganin farko na jinjiri. Daga nan har wata 6, nono kaɗai ya ishe shi. Ko ruwa ba ya bukata, ko da bazara ce, don akwai ruwa cikin nono. Bayan wata 6 a fara kunu mai kauri, a sa masa ƙuli-ƙuli ko garin wake, a riƙa ba shi miyar zogala, ana ci gaba da nono har shekara 2.

Na biyu, sange. Sabro da dare yake cizo, kuma cizonsa ke kawo masassara. Yaro da mai ciki su ne na farkon shiga sange. Da damana kuma ana bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassara, wata-wata. Kwana 3 ake shan shi. Na ranar farko a gaban ma'aikaci, na kwana biyun da suka rage a hannunki suke. Kada ki ajiye su ki ce sai ya yi ciwo. A 2024 kuma an fara allurar rigakafin masassara a Gaya, cikin jihar Doso. Ku tambaya a likitar garinku ko ta iso wurinku.

Na uku, sabulu. A wanke hannu bayan an fito bayan gida, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a ba shi abinci. In zawo ya kama shi, kada a daina ba shi nono. A karɓo ƙunshin gishiri da sukari na likita, a dama guda cikin litar 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro mai zawo.

Na huɗu, awo. Akwai ɗan zaren awon dantse mai kala uku. In ya nuna tsanwa, lafiya lau. In ya nuna rawaya, tamowa ta fara. In ya nuna ja, a ranar za a kai shi likita.

Kai maigida, da kai nake. Da yawa daga cikinmu muna cewa lafiyar yara sha'anin mata ne. Amma wa ke ba da izinin fita? Wa ke da amalanke ko kuɗin mota? Tun 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Gaskiya ne wani lokaci magani yakan yanke, a rubuta maka ka sayo. Duk da haka yini guda na zuwa lamba ya fi araha bisa ga sati biyu na jinya, ga gona ta tsaya, ga akuya an sayar.

Yaron da ba shi da karne

Bari in ba ka labarin wani magidanci da ya yi karatu a ajina. Ranar da muka yi darasin karne, ya zo da na autarsa. Ya karanta da kansa, ya ga ranar allurar dussa ta wuce da wata 4. Washegari ya kai ta, aka yi mata. Ba a kore shi ba, don ko an makara ana yi. Ya dawo yana murna.

Da aka tashi aji sai ya tsaya. Ya ce: “Malam, ta ƙaramar na gyara. To, babban fa? Shi ba ya da karne.”

Babban ɗansa shekararsa 16. Ya bar lakwal. Yana tura kura a kasuwa. Ba ya shigowa gida sai tsakar dare. Ya rame, ba ya cin abinci, abu kaɗan sai faɗa. Kuɗin adashen uwarsa sun ɓata sau biyu. Uban ya buge shi har ya gaji. A ranar ya yi niyyar ya kore shi daga gidan.

Na san ba shi kaɗai ba ne. Kai ma da kake karatun nan, wataƙila akwai irin wannan yaron a gidanka ko gidan maƙwabcinka.

Gaskiyar mutumin nan ce, saurayi ba ya da karne. Ba mai rubuta maka ranar da zai fara lalacewa. Idonka da kunnenka su ne karnensa. Ga abin da za ka riƙa dubawa: Ya canza abokai? Yana kwana a fada ba ya dawowa? Yana da kuɗin da ba ka san inda ya samo ba? Yana barcin rana, da dare idonsa biyu? Ya daina cin abinci tare da ku? In ka ga biyu ko uku daga cikin waɗannan, lokacin magana ya yi.

Tramol

Abin da ya kama ɗan mutumin nan, tramol ne. Asalinsa maganin ciwo mai tsanani ne, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Amma ƴan tebur da masu yawo da magani a kai suna sayar da shi. Yaro yakan fara sha don ya yi aiki bai gaji ba: noma, tura kura, tuƙin kabu-kabu. Yau guda ta ishe shi. Bayan wata guda sai biyu, sai huɗu. Jiki ya saba. In bai sha ba sai ciwon gaɓoɓi, da zufa, da rashin barci. In ya sha da yawa yakan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wani numfashinsa ya tsaya. Wasu kuma sholisho suke shaƙa, wanda ake liƙin taya da shi, shi ko ƙwaƙwalwa yake lalatawa.

Ka gane, wanda ya kai nan mara lafiya ne. Bulala ba ta fidda tramol daga jiki. Kora kuma ba ta raba shi da masu sayarwa, wurinsu ma za ta kai shi. Yaron da aka kora, tasha ce gidansa, ko ya bi motar bida ba da sallama ba.

Mutane suna cewa ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma kada mu mai da wannan magana wurin ɓuya. In ɗanka ya yi ɓarna a gonar wani, wa mai gari zai kira? Kai. In ƴan sanda suka kama shi bai kai shekara 18 ba, wa za a nema? Kai. Tun 1999 akwai alƙalai na musamman masu duba shari'ar yara a ƙasarmu, su ma uwaye suke fara tambaya. Malamanmu kuma kullum suna tuna mana cewa ɗiya amana ce, za a tambaye mu.

Mi za ka yi?

Ka zauna da shi ku biyu, ba gaban ƙannensa ba. Ka tambaye shi, ka yi shiru ka saurara. Kada ka yi masa baki. Bakin uwaye yana da nauyi, ku sa masa albarka ko da ranku a ɓace yake.

In ba ya iya buɗe maka ciki, ka nemo wanda yake jin nauyinsa: kawunsa, ko gwaggonsa, ko malaminsa na allo.

In ƙwaya ce, ku je likita tare. Wanda jikinsa ya saba, bari farat ɗaya yana wahalar da shi, shi ya sa da yawa suke komawa. Ma'aikacin lafiya ya san yadda ake ragewa sannu-sannu. In ya sake faɗawa, kada ka ce shi ke nan. A sake farawa.

Ka sama masa abin yi: ɗinki, gyaran babur, walda, kiwo, noman rani. Ka je da ƙafarka ka ga maigidan da zai koya masa. Ka san abokansa da sunansu, ka san gidajensu.

Ka duba kanka kuma. Uban da ke aika yaro sayen taba, ko yake shan ƙwaya ranar gayya, da wane baki zai hana?

Ɗiya mata ma haka. Yarinyar da ke talla har bayan isha'i, wa ke tsaronta? Ki san inda take zuwa da wanda take tsayawa da shi. Ki yi mata bayanin al'ada tun ba ta fara ba, kada ta ji a bakin ƙawaye. Wasu uwaye in sun ji tsoro sai su yi mata aure da wuri, su ce sun huta. Amma yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba, haihuwa tana iya yi mata gardama, ta bar ta da yoyon fitsari, ko ta rasa ranta. A bar ta ta yi karatu, jikinta ya yi ƙwari.

Mutumin nan bai kori ɗansa ba. Ƙanen matarsa ne ya shawo kan yaron, suka kai shi likita. Sau biyu yana komawa ga ƙwaya. Yanzu yana koyon gyaran babur. Ban ce maka ya zama waliyyi ba, amma yana kwana gida, yana cin tuwo da ubansa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su. Amin.

Tambayoyi

1. Sau nawa ake yi wa jinjiri allurar Penta? A wane sati da wane sati?
2. Wata nawa jinjiri zai yi yana shan nono kaɗai?
3. In zaren awon dantse ya nuna ja, mi za a yi?
4. Faɗi alamu 3 da ke nuna saurayi ya fara shiga wahala.
5. Domi kora ba ta gyara yaro mai shan ƙwaya?

Aikin gida

Ka karanta karnen ƙaramin yaron gidanku. Ka rubuta ranar komawa likita cikin littafinka, ka zo da ita gobe.