Daga Birnin Kebbi Zuwa Matan Fada: Me Ke Yamutsa Rigar Matafiyi?

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kamar awa guda ce a mota, amma ta isa ta lalata aikin da mai guga ya wuni yana yi. Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi ya ga wannan. Masu su da ke jiran a ba su izinin faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora ba su da damuwar tufa, gajeren wando ya ishe su. Damuwar tana cikin rumfar baƙi, inda hakimai da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata ke zaune. A nan za ka ga babbar riga ta kuɗi masu yawa, aikinta aska takwas, amma bayanta ya cukurkuɗe tun kafin a fara jawabi. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma tun 2016 yana cikin jerin al'adun duniya na UNESCO. Taro ne na fita kunya, shi ya sa maganar tufa a cikinsa ba ƙarama ba ce.

Mutane kan ɗora laifin a kan yadi, ko a kan mai guga. Sau da yawa laifin yana ga abin da ya faru da rigar bayan ta bar hannunsa, kuma ba a gane wannan sai an leƙa cikin zaren kansa.

Zaren auduga, wanda da shi ake saƙa shadda ta gaske da atamfa, an gina shi ne da wani sinadari mai suna selulos. Dogayen sarƙoƙi ne ƙanana ƙwarai, kwance kusa da juna, kuma abin da ke riƙe kowace da maƙwabciyarta wani ɗauri ne mara ƙarfi da masana ke kira haɗin haidirojin. Ɗaya ba ya da wani tasiri, amma suna da yawan da ba ya ƙirguwa, yawan nan kuwa shi ke sa yadi ya tsaya a siffar da yake. Ruwa yana kwance wannan ɗauri. Da zarar danshi ya shiga tsakanin sarƙoƙin sai su sake, su zame a kan juna. In a lokacin akwai abin da ya danne yadin a lanƙwashe, sai su bi lanƙwasar, danshin kuma yana fita su sake ɗaurewa a sabon wurin. Yamutsa ke nan. Zafi yana gaggauta aikin, domin yana sa sarƙoƙin motsi. Kamar tuwon shinkafa ne, ana mulmula shi da zafinsa, in ya huce a yadda aka bar shi zai zauna.

Abin lura shi ne guga ma da waɗannan abubuwa uku take aiki: danshi, zafi da nauyi. Mai guga yana yayyafa ruwa don ya kwance ɗaurin, nauyin dutsen guga ya miƙar da zaren, zafinsa ya kori ruwan, sai yadi ya ƙame a miƙe. Busasshiyar auduga ba ta saurin jin wuta, sai zafi ya haura digiri 200 kafin ta yi laushi, a nan kuwa an kusa babbaka ta. Da ɗan ruwa kaɗan takan miƙa wuya ba tare da gardama ba. Ɗige-ɗigen da ake gani cikin hoton dutsen guga a wuyan rigunan kanti ma wannan suke faɗa: ɗigo ɗaya kusan digiri 110, biyu kusan 150, uku kusan 200, kuma ukun nan na auduga ne.

To, dubi mutumin da ya saka babbar rigarsa tun daga gida ya shiga mota. A watan Maris zafin rana a kwarin Rima yakan kai digiri 40. Gumin bayansa ya ba da danshi, jikinsa da kujera sun ba da zafi, nauyinsa ya danne. Ya sauka, iska ta busar da gumin, yamutsar ta zauna daram. Dattawan da ke tafiya da kaftani ko 'yar ciki, babbar riga tana ninke a gefe, sai an isa masauki ko bakin fili su zura ta, sun fi shi dabara nesa ba kusa ba. Haka ake gani ranar hawan salla a fadar Sarkin Gwandu: wanda ya zo daga nesa kuma ya san kan abin ba ya saka kayan hawansa a hanya.

Kuskure na biyu yana faruwa tun a shagon mai guga. Rigar da aka ɗauke daga ƙarƙashin dutse yanzun nan ba ta gama aiki ba, akwai sauran ɗumi da tururi a cikinta, ɗaurin bai gama kamawa ba. In mai guga ya ce, “Alhaji, a bari ta sha iska tukuna,” ba jan rai yake yi ba. Wanda ya karɓe ta da zafinta ya cusa a jaka ya ɗora takalma a kai, shi ya yamutsa kayansa da hannunsa. A ganina guga ta daren tafiya ta fi ta safiyar tafiya, ko don wannan dalili kaɗai. Haka ma matan da ke turara kaya da turaren wuta, a bar su su huce kafin a ninke.

Shadda kuwa tana da nata hukunci, kuma a nan ne shawarwarin da ake kwasowa daga waje suke ɓata kaya. Ƙyallin shadda mai tsada, irin wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, har sunansa ya zama gezna a bakin 'yan kasuwa, ba fenti ba ne. Ana bi da yadin ne tsakanin manyan ƙarafa masu zafi da nauyi, su danne zaren ya kwanta, fuskar yadin ta yi sumul har haske ya riƙa tashi a kanta. Wanki yana kumbura zaren, ƙyallin ya ragu. Abin da ke dawo da shi shi ne sitaci da bugu. Masu bugu sukan jiƙa yadin sama-sama, su ninke shi, su shimfiɗa a kan gungumen itace mai santsi, su yi ta sauke masa guduma ta katako bi da bi har zaren ya sake kwantawa. Aikin injin nan ne ake yi da damtse, kuma ƙasar Hausa ta san shi tun kafin injin ya iso mata. Da bugu ake fito da ƙyallin turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda fatake suka riƙa kai wa Buzaye har cikin Sahara. Kayan nan sun yi watanni a bayan raƙuma suka isa da kyansu, domin sun bushe ƙarau, an ninke su tsaf, an naɗe su da takarda.

Saboda haka layukan ninkin da ke kan rigar da ta fito daga mabuga ba aibi ba ne. Mai gayu yana son a gan su, su ne shaidar cewa riga sabuwa ce ko ta sha bugu. Abin da ake gudu shi ne layin da ya ratsa su a karkace. Dokar shirya shadda a jaka ɗaya ce: a mayar da ita kan ninkinta na asali, kada a ƙirƙiro sabo. Sitaci ɓawo ne siriri da ya bushe a kan zare, in aka karya shi a sabon wuri yakan bar farin zane, musamman a shadda mai duhu, kuma ba ya fita sai an sake wanki. Aikin wuya a juya shi ciki, kada ninki ya bi ta kansa.

Akwai matafiyan da suka daɗe da wannan matsala, wato masu yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa da ke kewaya tekun Bahar Rum ko tsibiran Karibiyan. Suna kwana da kwanaki a ɗan ƙaramin ɗaki, ana bukatar su fito cin abincin dare cikin shiga ta alfarma, amma manyan kamfanonin jiragen sun hana shiga da dutsen guga, wasu har da na'urar tururi, saboda babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro a tsakiyar teku kamar gobara. Ko dai mutum ya ba da kaya a goge masa ya biya, ko ya je ɗakin wanki na kowa da kowa in jirgin yana da shi, ko ya yi dabara. Dabarunsu sanannu ne. Suna naɗe ƙananan kaya maimakon ninkewa, domin naɗi ba ya barin kaifin layi. Suna sa takarda mara nauyi ko siririyar leda tsakanin riguna don su riƙa zamewa a kan juna. Suna fito da kaya su rataye da zarar sun shiga ɗaki. Wanda ya yamutse kuma su rataye shi a banɗaki lokacin wanka da ruwan zafi, tururi ya sassauta zaren, nauyin rigar ya ja ta ƙasa.

Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, inda jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024, zai amfana da mafi yawan wannan, haka ma baƙon da ya sauka a Argungu a masaukin da wuta ba ta da tabbas. Naɗi ya dace da singileti, jallabiya, mayafi, zanen atamfa da ba a sa wa sitaci ba. Rataya da wuri ta dace da komai. Amma tururin banɗaki an yi shi ne don kwat ta ulu, domin ulu yana da taushin komawa yadda yake in ya sha danshi. Shadda mai sitaci in ta sha tururi laushi take yi, ƙyallin ya dushe, ɗigon ruwa kuma ya bar mata tabo. Wanda ya bi wannan shawara da geznarsa zai yi da-na-sani.

Leda ma sai an duba lokaci. Da hunturu, iskar Kabi a bushe take, kaya na bushewa nan da nan, leda tana kare su daga ƙura, babu laifi. Da damina kuwa, lokacin da fadamun Rima suka cika shinkafa ta yi kore, auduga tana shan danshi daga iska ko ba a jiƙa ta ba. A yanayi madaidaici ma tana riƙe da ruwan da ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta. In aka rufe ta a leda a irin wannan lokaci aka ajiye a bayan mota mai zafi, yamutsa za ta samu, in aka daɗe har da fumfuna da wari, sitacin rogo kuma abinci ne ga kyankyaso. Tsohon adudu na kaba, da ƙyallen fari da iyayenmu mata ke naɗe kayan fita da shi, suna barin iska ta ratsa, kuma adudu yana da bango mai tauri da ke hana dannewa. Jakar Gana-mas-go ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. In aka ɗaure ta da igiya a saman mota, ko aka jibga mata buhu a kwalekwalen Yawuri, duk abin da ke ciki ya ji jiki. Ƙaramin akwati mai tauri, cike daidai yadda kaya ba za su yi yawo ba kuma ba a danne murfi da gwiwa ba, masu nauyi a ƙasa, babbar riga a sama, shi ne mafi aminci. Hula kuwa a cusa mata safa ko ƙyalle a ciki, ta zauna a kusurwa.

Wani zai ce me ya kawo wannan wahala alhali akwai yadin da ba ya yamutsewa? Akwai shi. A 1941 wasu masana biyu a Ingila, John Whinfield da James Dickson, suka samar da zaren poliyesta, wanda kusan ba ya shan ruwa, ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Tunda ruwa ba ya shigarsa, gumi ba ya kwance masa ɗauri. Ganin yana neman ƙwace kasuwa, masu binciken auduga a Amurka suka tashi tsaye. Ruth Benerito da abokan aikinta a cibiyar binciken ma'aikatar gona da ke New Orleans suna cikin waɗanda suka inganta hanyar ɗaure sarƙoƙin selulos da sinadari, ɗauri mai ƙarfi da ruwa ba ya kwancewa, daga shekarun 1950 zuwa gaba. Rigunan kanti da ake cewa ba sa bukatar guga 'ya'yan wannan aiki ne. Sai dai kowanne da farashinsa. Audugar da aka yi wa wannan magani ƙarfin zarenta yana raguwa. Poliyesta kuma, rashin shan ruwan da ya hana shi yamutsewa shi ne yake barin gumi a jikin mai shi, kuma duk wanda ya tsaya a bakin Matan Fada da tsakar rana cikin yadin roba ya san abin da ake nufi. Ga shi in dutse ya yi masa zafi da yawa narkewa yake yi, ya bar sheƙi da ba ya gyaruwa.

Don haka ni ina bayan auduga a wannan ƙasa tamu mai zafi, da duk ɗawainiyarta. Yadi mai gauraye yana da amfani ga kayan hanya, wanda za a zauna a kansa awanni masu yawa zuwa Kano. Kayan taro kuwa a bar su a hannun mai bugu da mai guga, a kai musu da wuri, a biya su hakkinsu ba tare da ja-in-ja ba. In duk da haka aka isa masauki aka tarar da yamutsa a kaftanin auduga mara sitaci, a yayyafa masa ruwa kaɗan da yatsu, a shafe da tafin hannu a kan shimfiɗa mai tauri, a rataye shi inda iska ke bi. Da hunturu kafin a gama karin kumallo ya bushe.