Taƙaitattun kalmomin hana magana a rubutun salula: STFU, TG da takwarorinsu na Hausa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba taƙaitattun kalmomi biyu da matasa ke rubutawa a salula domin su sa abokin magana ya yi shiru: STFU ta Ingilishi da TG ta Faransanci. Yankin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela ya dace da wannan nazari, domin halsuna uku ne ke haɗuwa a can: Hausa a gida da kasuwa, Faransanci a makaranta, sai Ingilishi da ke shigowa ta iyakar jihar Sakkwato.

2. Asali da ma'ana

STFU haruffan farko ne na kalmomi huɗu, ma'anarsu "rufe bakinka", amma harafi na uku yana wakiltar kalmar batsa wadda ke ƙara wa umurnin zafi. Ɓoye batsa a bayan harafi tsohuwar dabara ce: sojojin Amurka sun yi haka da SNAFU a lokacin yaƙin duniya na biyu. STFU kuwa ta yaɗu ne a zaurukan hirar intanet a shekarun 1990.

TG daga "ta gueule" take. Kalmar "gueule" ta fito daga Latinanci "gula", wato maƙogwaro, kuma asalinta bakin dabba ake nufi da ita. Nan ne zagin yake: an mai da mutum dabba.

Abin da ya taimaka wa irin wannan rubutu shi ne saƙon SMS, wanda aka fara aikawa a 1992, kuma ba ya wuce haruffa 160. A Nijar kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001. Da WhatsApp ya zo, iyakar haruffa ta kau, amma al'adar taƙaitawa ta zauna.

3. Yadda Hausa ke yi

Hausa tana taƙaitawa ta wata hanya dabam. Maimakon ɗaukar harafin farko na kowace kalma, ana zubar da wasula:

(1) slm, salamu alaikum
(2) lfy, lafiya
(3) ngd, na gode

Haka kuma Hausa ba ta raba bakin mutum da na dabba. Duka "baki" ne. Saboda haka nauyin umurnin ba daga sunan gaɓar yake fitowa ba, daga aikatau yake da kuma matsayin masu magana:

(4) yi shiru
(5) kama bakinka
(6) rufe mana baki

Misali na (4) uwa na faɗa wa ɗanta ba tare da laifi ba. Na (5) gargaɗi ne. Na (6) kuwa, idan yaro ya faɗa wa babba, rashin kunya ne, ko da babu batsa a ciki.

4. Kammalawa

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na farko, mai fassara ko mai ƙamus da ya sa "yi shiru" a gaban STFU ko TG ya zubar da zagin. Misali na (6) ya fi kusa, tare da alamar cewa kalmar ashar ce. Na biyu, ɗalibin da ya koyi haruffan ba tare da sanin kalmomin da ke ƙarƙashinsu ba yana iya aika wa malaminsa ko yayansa zagin da ba zai iya furtawa da baki ba. Lamarin ya wuce ladabi: dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta sa zagi ta hanyar sadarwar zamani cikin laifukan da ake hukuntawa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wadda aka rubuta kuwa tana nan a ajiye, ana iya nuna ta a gaban alƙali.