Bangaskiya ko ayyuka: Me ke ceton mutum a addinin Kirista?

Wanda ya bar birnin Katsina ya kama hanyar Batsari, ba zai yi nisa ba zai iso Babbar Ruga. A yau an fi sanin wurin da cibiyar kula da mata masu lalurar yoyon fitsari, amma dattawan yankin sun san shi ne da asibitin kutare, wanda Turawan mishan na ƙungiyar SIM suka karɓi gudanar da shi a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan Turawa da suka shafe shekaru suna wanke gyambon kutare, aƙidarsu ita ce duk wannan ɗawainiya ba za ta ƙara musu ko ƙwayar zarra ba wajen samun ceto. A wurinsu ceto kyauta ce daga Allah, wadda ake karɓa ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu kaɗai. Majami'ar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM a 1954, kuma take da mabiya a cikin Hausawan jihar Katsina da kakanninsu Maguzawa ne, a kan wannan koyarwa take har yanzu.

To, idan aiki ba ya ceto, me ya sa ake yin sa? Wannan tambaya ce da ta raba kan Kiristoci na tsawon ɗaruruwan shekaru.

Bulus da Yakubu

Tushen muhawarar yana cikin Sabon Alkawari ne. A wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Galatiyawa, Manzo Bulus ya dage cewa Allah yana karɓar mai zunubi a matsayin adali saboda bangaskiyarsa, ba don ya cika ayyukan Shari'ar Musa ba. A wasiƙar Afisawa kuma an bayyana dalili: don kada wani ya samu abin yin taƙama da shi.

Amma wasiƙar Yakubu, a babi na 2, ta kawo misalin mutumin da ya ga ɗan'uwansa cikin yunwa da tsiraici, ya sallame shi da fatan alheri kawai bai ba shi komai ba. Irin wannan bangaskiya, in ji Yakubu, matacciya ce. Abin mamakin shi ne, dukansu biyu da Ibrahim suka kafa hujja. Bulus ya dubi yadda Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah tun kafin a yi masa kaciya, Yakubu kuma ya dubi yadda ya miƙa ɗansa domin hadaya.

Malaman Kirista da dama na cewa ba saɓani ba ne, mutane daban-daban kowannensu yake yi wa magana. Bulus na jan kunnen mai zaton zai sayi yardar Allah da ibadarsa, Yakubu kuwa na jan kunnen wanda addininsa ya tsaya a fatar baki.

Rikicin Luther da Paparoma

An taɓa gwabza irin wannan gardama a farkon ƙarni na 5, tsakanin Augustine, bishop na Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yanzu, da Pelagius, wanda ke ganin ɗan Adam na iya bin umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Taron Carthage na 418 ya yi watsi da ra'ayin Pelagius.

Sai dai wutar da ta fi kowace ci ita ce wadda Martin Luther ya kunna a 1517 a garin Wittenberg na Jamus. A lokacin ana sayar da wasu takardu da aka ce suna rage wa mutum horon zunubi, wani kaso na kuɗin kuma ana gina majami'ar Bitrus da ke Rum da shi. Luther, wanda shi kansa limamin Katolika ne, ya rubuta batutuwa 95 yana sukar lamarin. A 1521 aka kore shi daga ɗariƙar.

Da ya zo fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, sai ya saka kalmar "kaɗai" kusa da bangaskiya a Romawa 3:28, alhali babu ita a asalin Helenanci. Ya ce ma'anar ayar ce ta buƙaci hakan. Wasiƙar Yakubu kuwa bai ɓoye cewa ba ta kwanta masa ba, har ya kamanta ta da tattaka, ko da yake bai cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba.

Ɗariƙar Katolika ta mayar da martani a babban taron Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563. A hukuncin da taron ya yanke a 1547, ya amince cewa alherin Allah ne ke fara kiran mutum, kuma babu wanda ya cancance shi. Amma ya ƙara da cewa dole mutum ya ba da haɗin kai, ayyukan da ya yi cikin wannan alheri suna da lada, kuma babban zunubi na iya raba shi da alherin sai ya tuba. Kowane ɓangare ya tsine wa koyarwar ɗayan.

Sai ranar 31 ga Oktoban 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Mabiya Luther ta Duniya suka sa hannu kan wata sanarwa ta haɗin gwiwa. Sun yarda cewa Allah yana karɓar mutum ne bisa alherinsa, ta bangaskiya ga aikin Almasihu, ba bisa cancanta ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke sabunta zuciya ya tura mai bi ga ayyuka nagari. 'Yan Methodist sun shiga sanarwar a 2006. A 2017 kuma, shekarar da Luther ya cika shekaru 500 da tayar da batun, wani ɗan Najeriya, Archbishop Musa Panti Filibus na majami'ar LCCN mai hedkwata a Numan, ya zama shugaban tarayyar, ya riƙe muƙamin har 2023.

Majami'u da yawa na masu bishara da na Fentikos ba sa cikin wannan yarjejeniya. Saboda haka har yanzu ana iya jin bambancin lafazi tsakanin huɗubar faston ECWA da ta fada a Malumfashi ko Kafur, inda Kiristoci Hausawa suka fi yawa, kuma inda Bishop Gerald Mamman Musa ke jagorantar mabiya Katolika tun da aka kafa diyosis na Katsina a 2023.

Mai karatu Musulmi ba zai ji batun baƙo ƙwarai ba. Alƙur'ani kan ambaci imani tare da kyawawan ayyuka a wurare masu yawa, ga kuma hadisin da ke nuna cewa aikin mutum kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Tun farkon Musulunci ma Khawarijawa da Murji'a sun yi saɓani kan matsayin mai aikata babban zunubi. Inda addinan biyu suka rabu shi ne batun gicciye, wanda Kiristoci ke ɗauka a matsayin fansar zunubi, Musulunci kuwa bai yarda da aukuwarsa ba.

Batun 'tubabbu'

A Batsari da Safana, ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu, kalmar tuba ta daɗe da fita daga wurin wa'azi ta shiga siyasa. A 2019 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya zagaya yankin yana ganawa da shugabannin 'yan bindiga domin sulhu, aka riƙa kiran wasunsu tubabbu. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutane kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Afrilu kuma 'yan sanda suka ce an kashe 47 a hare-haren da aka kai Safana da Dutsinma da Danmusa. Kafin shekarar ta ƙare gwamnan ya ce ya janye daga sulhun domin an ci amanarsa.

Kiristoci tsiraru ne a wannan yanki, amma tambayar da manomin da aka kore wa shanu zai yi, Musulmi ne ko Kirista, ɗaya ce: furuci ya wadatar?

Akwai labarai biyu a Bisharar Luka da ake yawan jawowa a nan. Na farko shi ne na ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi a sa'arsa ta ƙarshe, ba tare da ya samu damar yin wani aikin kirki ba. Masu cewa bangaskiya kaɗai ba su da hujjar da ta fi wannan. Sai dai akan manta cewa mutumin ya amsa da bakinsa cewa hukuncin da aka yanke masa daidai ne, kuma ba a sauke shi daga kan gicciyen ba. Gafarar Allah daban, hukuncin hukuma daban.

Na biyu shi ne na Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Fasto zai ce biyan shaida ce cewa ceto ya riga ya shiga gidan. Fada zai ce mayar da kayan sata wajibi ne a cikin tuban kansa, kamar yadda malaman Musulunci suka sa mayar da haƙƙi cikin sharuɗɗan tuba. Wajen jera abin da ya riga wani ne suka saɓa, amma da wuya a samu ɗaya daga cikinsu da zai amince da tuban da aka bar shanun a daji.

Shi kuwa asibitin Babbar Ruga, tun a shekarun 1970 ya koma hannun gwamnati, kamar sauran asibitoci da makarantun mishan da dama a Arewa. A shekarun 1980 ne wani likita ɗan ƙasar Holand, Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi, ya fara yi wa mata tiyatar yoyon fitsari a wurin.