Ko Ka Sani? Motar Tsere Tana Araha, Cinta Ba Ya Araha

Ko ka san Dodge Challenger mai injin HEMI na lita 5.7 fulogi 16 take ɗauka? Silinda 8 gare ta, kowace da fulogi biyu. Toyota Corolla irin wadda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil kuwa 4 ne kacal. Ranar da bakanike ya ce fulogi sun gaji, mai Challenger zai sayi na Corolla huɗu a zama ɗaya, kuma wannan shi ne ƙaramin alhaki cikin abin da ke jiransa.

Abin da ke ruɗin samari shi ne farashin ranar saye. Ford Mustang, wadda aka fara ƙerawa a 1964, da Chevrolet Camaro da ita Challenger ɗin, in suka kwana biyu a Amurka kuɗinsu yana faɗuwa sosai, har ta kai wanda ya tara na sayen Camry mai tsafta ya ga da ɗan ciko zai hau mai ƙofa biyu. Sai dai kuɗin motar ne ya faɗi. Birki da taya da giya suna nan a farashin motar masu hali, don ba su san ta tsufa ba.

Akwai kuma dalilin arahar da dillali ba ya son a daɗe a kansa. Da yawa daga cikin motocin nan daga gwanjon Copart ko IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey da ta auka wa birnin Houston a 2017 ita kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Wadda ta yi karo ana iya miƙe ta a fesa fenti, ido mai kyau ya gane. Wadda ruwa ya ci ita ce mugun iri: jiki sumul, kujeru tsaf, amma tsatsa na cin wayoyi a ɓoye, sai bayan watanni yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta ƙi tashi, jibi fitilun gargaɗi su kunnu gaba ɗaya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba. Da ita ake bincikar tarihin motar a intanet, wani lokaci har hotonta na ranar gwanjo ya fito, gabanta a murƙushe. Kuɗin binciken bai kai na cika tanki ba, amma kaɗan ne ke yi, saboda wanda mota ta shiga ransa ba ya son jin aibinta.

Sai mai. A ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, Mustang GT mai injin lita 5.0 tana shan wajen lita 15 a kilomita 100 cikin gari, Corolla kuwa 8 zuwa 9. A buɗaɗɗen titi takan sauko kusa da 10, in direban ya iya danne zuciyarsa, alhali ba don a danne zuciya ake sayenta ba. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne. Mai aiki a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote ta Wudil da ke kwana a birnin Kano yana yin wannan tafiya sau biyu a yini, ga cunkoson Mariri da Hotoro a kai. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ana iya kawar da kai. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama.

Ba yawan man kaɗai ba, har irinsa. A Amurka famfon gidan mai kala uku yake bayarwa, kuma manyan injinan nan, musamman na Jamus irin AMG da BMW M, mafi ƙarfin suke so. A nan kala ɗaya ne, kowa da shi yake tafiya, daga mai Adaidaita Sahu har mai Mustang. Injin yana da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa, da ta ji sai kwamfutar motar ta rage masa ƙarfi don kada ya ci kansa. Ka ga mutum ya biya kuɗin dawakai 400 da wani abu, amma ba dukansu yake hawa ba. In kuma dare ya yi masa ya tsaya wurin 'yan bumburutu, to sai addu'a. Waɗanda suka sha gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai sinadarin methanol fiye da ƙima, ba su manta ba.

Baƙin mai ma haka. Corolla lita 4 da ɗan ɗori take ci a juye, Mustang GT ƙirar 2018 zuwa sama kusan lita 9 da rabi, kuma na roba ne mai tsada, wanda jabunsa ya cika kasuwa.

Amma in ka tambaye ni inda motar nan take karya mai ita a ƙasar Wudil, zan ce ƙasa za ka duba. Tsakanin cikinta da titi kimanin santimita 14 ne kacal, wato bai kai tsawon biro da marfinsa ba sosai. Ka tsaya ranar Juma'a, ranar kasuwa, lokacin da tireloli ke lodin shanu daga kara zuwa kudu, motoci sun yi layi tun daga gada. Mai Hilux ya sauka gefen titi ya bi ta ƙasa ya wuce. Mai Sharon ya bi bayansa. Mai motar tsere ba shi da wannan gata, dole ya tsaya a layi, inji na ruri, fanka na kuka, rana na dukan baƙin rufi. In ya kai tudun rage gudu sai ya karkace, ya ɗora taya ɗaya tukuna, sannan ɗayar, yana cije leɓe yana sauraro. Wani sa'in duk da haka sai ka ji ƙuuu, salansa ta goga. Salansa da sauƙi. In kaskon baƙin mai ne ya fashe a kan dutse kuma bai lura ba, 'yan mintoci sun isa inji ya ƙone. Ga shi tayoyin baya ne ke tura ta, don haka in biki ya kai shi wani ƙauye ta hanyar Gaya ko Garko ya faɗa yashi, yara ne za su taru su tura abin da aka ce babu mai kamo shi.

Tayar kanta labari ce. Wili inci 19 ko 20, robar gefe siririya kamar yankan burodi, ba ta da naman da za ta shanye duka. Rami ɗaya a guje ya isa ta yi ƙulu ko wilin ya lanƙwashe, kuma ƙulun gefe ba ya facuwa. A wasu samfuran tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su don su ci daidai. Mai faci na bakin tasha ba ya ajiye wannan lamba, sai an aika Kano, wani lokaci Legas. Nan ne ake komawa ga ta hannu, kuma nan ne ya kamata a karanta alƙaluma huɗu da ke jikin kowace taya: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya zanenta na iya zama raɗau alhali robar ta bushe, ga kwalta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wanda kuma ke kai ta wasan mota a biki, ana hayaƙi ana shewa, kuɗin wata guda yake gogewa a titi kafin a kira magariba.

Kayan gyara kuwa, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka ce Corolla ko Golf, kafin ka rufe baki an kawo maka kala uku, sabo da na Beljiyam da ɗan Chana. Ka ce Camaro, sai a ce bari a kira kasuwar Ladipo ta Legas. In babu a can sai oda daga waje da dala, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Challenger da Camaro ma an daina ƙera su tun wajen ƙarshen 2023. Motar takan yi makonni a gareji tana shan ƙurar hunturu saboda na'urar da ba ta fi akwatin ashana ba. Kuma ba kowane bakanike ne nata ba. Muna da gwanaye masu jin ciwon inji da kunne, amma wannan sai an jona mata kwamfuta, kuma ɗan rewayan da ya saba yanke waya ya haɗa kai tsaye yana iya ƙona abin da ya fi kuɗin babur sabo. Inshora ta dole naira 15,000 ce tun Janairun 2023, cikakkiya kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar duk shekara, shi ya sa akasari ake tafiya ba cikakkiyar.

Ban ce kada a saya ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma mai wata motar ta zuwa aiki, mai bakanike amintacce, mai ajiyar gyara a gefe, zai ji daɗin abarsa ranar Lahadi da safe in titi ya yi sarari. Wanda take wahalarwa shi ne mai ita kaɗai, wanda ya zuba duk abin da ya mallaka ranar saye.

Ranar sayarwa ma da nata. Corolla ko Camry in ka kai wa dillalai, cikin kwanaki an yi ciniki, don malami na so, ɗan kasuwa na so, mai haya na so. Mai ƙofa biyu ba ta ɗaukar iyali zuwa suna, bayanta ko yaro ɗan sakandare sai ya naɗe ƙafa. Masu sonta kaɗan ne, mafi yawansu a Abuja da Legas, kuma sun san ba a fitar da ita kasuwa sai ta fara ciwo, don haka tayin farko da za ka ji daga kuɗin gyaranta zai fara.